Kun Karɓi Kuɗin Tolget, Ina Lissafin?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san wurin da ake kira Tolget. Babu ƙofa a wurin, babu ɗakin mai yankan rasit, babu sandar da ake ɗagawa, amma sunan ya ƙi gogewa. Haka yake a Ibadan, haka yake a Ota, haka a bakin Legas. Yaron da aka haifa bayan 2004 yana ce wa kwandasta a sauke shi a Tolget, alhali bai taɓa ganin an biya ko kwabo a wurin ba. Gine-ginen da suka ba wa wuraren nan suna da kuɗin jama'a aka gina su, da kuɗin jama'a aka kawo katafila ta rushe su. Yanzu ga shi ana gina sababbi, ana ce mana wannan karon na'ura ce za ta karɓi kuɗin, don haka kowa ya kwantar da hankalinsa. Ni nawa bai kwanta ba. Maganata da ku ce, masu riƙe da Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, da kamfanonin da kuka jinginar wa hanyoyinmu.

Kada a sa ni cikin masu cewa a bar hanya kyauta. Kwalta ba ta shimfiɗa kanta, gada ba ta tsirowa kamar gamji. Bahaushe ma bai taɓa ɗaukar kuɗin hanya baƙon abu ba. Fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro suna biyan kuɗin fito kafin a haye da su Kwara da jakunansu, suna kuma biyan sarakunan da suke ratsa ƙasarsu. Amma madugu yakan zauna a yi ciniki a fili, kowa a cikin ayari ya san abin da aka yanka masa da abin da zai samu: jirgi ya kai shi gaci, a ba shi zango, a tsare shi daga 'yan fashi. Sarkin da ya ci kuɗi bai tsare hanya ba, baɗi ayari ya sauya hanya ya bar shi da kasuwarsa. Direban yau ba shi da inda zai sauya. Dole ta gabanku zai bi, shi ya sa alhakinsa a wuyanku ya fi nauyi.

Laifin da nake tuhumar ku da shi guda ɗaya ne, kuma tsoho ne: kuna son karɓa, ba ku son ba da lissafi. Shi ya kashe tsofaffin tolget. A ƙarshen 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ba da umarnin a rushe su daga manyan hanyoyin tarayya, hujjarsa kuwa ita ce kuɗin na zurarewa, abin da ke isa baitulmali bai taka kara ya karya ba, hanyoyin kuma ba su gyaru ba. Gaskiya ya faɗa. Waɗanda suka yi tuƙi a wancan zamani suna tuna rasit ɗin da ake karɓa daga hannun wannan a sake sayar wa na bayansa, da na jabu, da "wuce kawai" ga wanda ya cusa rabin kuɗi a tafin hannu. Amma maimakon a bi sawun kuɗin har inda ya kwana, a kama waɗanda suka ci a gurfanar da su, sai aka huce a kan bulo da siminti. Aka ce za a maye gurbin kuɗin da harajin naira 1 da kwabo 50 a kan kowace litar mai, ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi tsaye, maganar ta mutu. A 2007 aka gyara dokar FERMA, hukumar da aka kafa a 2002 don gyaran hanyoyin tarayya, aka ce kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da dizal zai tafi gyaran hanya. Dokar ta zauna a takarda. Shekara ashirin muka yi muna biyan kuɗin hanya ga makanikai da masu faci, wasu kuma suka biya da rayukansu a ramin da ba a cike ba.

A watan Agusta na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabon tsarin tolget, lokacin Babatunde Fashola na Ministan Ayyuka. Aka ce tagwayen hanyoyi kaɗai abin zai shafa, kimanin kilomita 5,000 daga cikin 35,000 na tarayya, ƙaramar mota naira 200, manyan motoci 500, kuma za a fifita biya ta na'ura a kan tsabar kuɗi. Ranar 4 ga Fabrairu, 2025, aka ƙaddamar da karɓar kuɗi a hanyar da ta tashi daga Abuja ta bi Keffi, Akwanga da Lafiya zuwa Makurɗi, mai tsawon kilomita 227. Ƙaramar mota 500, jif 800, ƙaramar bas 1,000, manyan motoci 1,600, ba a karɓar tsaba. An gina hanyar da rancen dala miliyan 460 da 'yan kai daga bankin Exim na ƙasar Sin, aka jinginar da ita na shekara 25 don a biya bashin daga abin da matafiya suka zuba.

To ga rance, ga wa'adi, ga farashi, duk an faɗa. Abin da ya rage shi ne wanda ya fi su muhimmanci. Ku je tashar Lafiya ku tari direban da ke zirga-zirga a hanyar nan kullum, wanda guminsa ne ke biyan bashin, ku tambaye shi nawa aka tara a watan jiya, nawa ya tafi ƙasar Sin, nawa kamfani ya riƙe a matsayin ladansa, nawa aka ajiye don cike rami idan damina ta wuce. Ba zai iya faɗa muku ba, domin ba a kafa masa allo a bakin tolget ba, ba a karanta masa a rediyo ba. Abin da aka sanar da shi kawai shi ne abin da zai biya. Ko adashi ake yi a unguwa, uwar adashi tana faɗa wa kowa nawa aka zuba da wanda zai kwasa. Ku da kuka ɗaura wa mutane zubi na shekara 25, wanda jaririn da ke goye yau zai girma ya tarar ana yi, me ya fi ƙarfinku a cikin abin da tsohuwa ke yi da littafin makaranta da biro?

A zamanin rasit na takarda kuna da uzuri, ko da gurgu ne. Sai an tattaro kututturen rasit daga ko'ina, a ƙirga da hannu, a yarda da abin da mai ƙirgar ya ce. Na'ura ta ɗauke muku wannan uzuri gaba ɗaya, kuma wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya gane. Yadda tsarin ke aiki a duk inda ake yin sa shi ne, ana manna wata 'yar alama a gilashin mota, ko a ba direba kati. Da mota ta iso, na'ura ta karanta alamar, kyamara ta ɗauki lambar motar, wata na'urar ta tantance girmanta, a cire kuɗi daga asusun da mai motar ya riga ya zuba wa kuɗi, sanda ta ɗaga. Kowace wucewa tana barin sawu: rana, sa'a, minti, layin da aka bi, irin motar, abin da aka cire. Kafin ma'aikaci ya tashi daga aiki jimillar ranar tana cikin kwamfuta. Wato abin da a da sai kwamitin bincike ya yi wata shida yana nema, yau danna maɓalli ne. A Indiya, inda aka wajabta alamar FASTag a manyan hanyoyi tun Fabrairun 2021, hukumar da ke tafiyar da tsarin biyan tana wallafa adadin wucewa da jimillar kuɗin kowane wata, kowa ya duba. Wanda ke da irin wannan na'ura a hannunsa ya kuma yi shiru da alƙaluma, ba gazawa ba ce ta hana shi. Ya zaɓi ya ɓoye ne.

Kuna yawan cewa na'ura ba ta sata, ba ta da aljihu, ba ta da ƙanen mata. Haka ne. Amma na'ura tana da mai ita, kuma ba daga yaron da ke tsaye a rana kaɗai kuɗin tolget ke zurarewa ba. Shaida tana nan a cikin gidanku. Ƙofofin shiga filayen jiragen sama sun daɗe da alamar wucewa ta na'ura. A watan Mayu na 2024 Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya fito ya ce ana asarar kusan kashi 82 cikin 100 na abin da ya kamata a samu daga waɗannan alamomi, saboda manyan mutane kyauta ake ba su. Har sai da Majalisar Zartarwa ta soke wannan rangwame, aka ce Shugaban Ƙasa da mataimakinsa ma su biya. Ku dubi wannan da kyau. Na'ura tana nan, tana aiki, ba ta ɗauki ko sisi ba, amma kashi huɗu cikin biyar ya tafi, kuma ba talaka ya kwashe ba. Masu jiniya ne, masu kwamba, waɗanda kuɗin ƙofa bai kai na ruwan da suke sha a hanya ba. Idan haka ta faru a ƙofar filin jirgi da ke tsakiyar birni, a gaban idon kowa, me zai hana ta faruwa a tolget ɗin da ke cikin daji? Motar soja da ke bakin aiki da motar ɗaukar marasa lafiya su wuce, babu mai jayayya. Amma a wallafa adadin motocin da suka wuce kyauta kowane wata da dalilin kowace, domin duk wadda ta wuce ba ta biya ba, a kan direban bas aka ɗora kuɗinta.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Kuna magana a kan tolget kamar shi ne zai zama wurin farko da za a tsayar da direba a karɓi kuɗinsa. Ina da ɗan'uwa direban tirela da ke ɗaukar albasa da shanu zuwa Kudu. Kafin ya tayar da mota, sai ya sa yaronsa ya nemo canji a cika jaka guda, ba ta mai ba ce, ba ta abinci ba, ta masu tare hanya ce. Na taɓa bin sa, na gani da idona: igiya a ɗaure tsakanin ganga biyu, gungume da ƙusoshi, samari da riguna masu sheƙi da sanduna, kowane rukuni da sitikarsa da sunan harajinsa, wasu ma ba su damu da ba ka ko guntun takarda ba. Ka yi gardama a fasa maka gilashi ko a sace maka iskar taya, albasa tana ruɓewa a rana, shanu suna galabaita. Wannan fa ba a ɓoye yake ba. Dokar haraji ta 1998 ta faɗa ƙarara cewa babu wanda ke da ikon kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, ko da hukumar haraji ce. A farkon 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu, wannan tatsa tana cikin koke-kokenta. An yi zama, an yi alkawari, igiyoyin suna nan.

Wanda ya kafa tolget na zamani bai kwance igiyar da ke gabansa da wadda ke bayansa ba, ya ƙara wa direba shinge ne. Kuɗin kuma ba a aljihun direba yake tsayawa ba. Yana hawa kan buhun albasa, ya hau kan kwanon masara, ya sauka a tukunyar matar da ba ta taɓa shiga motar Makurɗi ba. Kun ce kun karɓi hanya kun kuma sa mata farashi, to tsaronta da tsabtace ta daga 'yan tatsa ya zama naku. Ba ku da bakin cewa wannan aikin gwamna ne, wancan na shugaban ƙaramar hukuma. Gwamnati ɗaya direba ya sani, wadda ta tsayar da shi ta karɓa.

Na kuma lura yadda kuke furta "ba a karɓar tsaba" da sauƙi, kamar ba a ƙasar nan aka yi wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba. Mun ga mutane da kuɗinsu a banki suna kwana da yunwa, mun ga tiransifa ta maƙale kwana da kwanaki, mun ga masu POS suna sayar wa mutum kuɗinsa da kuɗi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda tsaro, da sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Har yau akwai dogayen wurare a manyan hanyoyinmu inda waya ba ta da sabis. Me kuka tanadar wa direban da aka cire wa kuɗi sanda ba ta ɗaga ba, layi ya taru a bayansa ana ta masa hon? Wa zai kai wa kuka, a wane ofis, cikin wane harshe, kuma kwana nawa kafin a mayar masa da kuɗinsa? Direbobi da yawa ba su karanta boko, wasu motar ma ba tasu ba ce, asusun na maigida ne. Idan ba ku kai wuraren sayen kati da loda shi cikin tashoshin mota da hannun 'yan kamasho da suka saba da su ba, idan ba ku yi tsarin da zai yi aiki ko sabis ya ɗauke ba, to da hannunku za ku haifi sabon ɗan tsakiya: yaro da kati a bakin tolget, ya goga maka ka ba shi tsaba da ɗori. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Ga kuma bayanan da kyamarorinku ke tarawa, wane ne ya wuce, da wace mota, da ƙarfe nawa. A ƙasar da masu garkuwa da mutane ke sayen labari, wannan ba abin wasa ba ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanku.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Afirka ta Kudu ta fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. A Disambar 2013 ta fara karɓar kuɗin hanya ta na'ura a lardin Gauteng, tsakanin Johannesburg da Pretoria, tsarin da ko tsayawa ba a yi, ƙarafa ne a saman hanya suna karanta motoci suna gudu. Na'urorin sun yi aikinsu. Abin da ya lalace shi ne yarda. Jama'a suka ce ba a shawarce su ba, suka ce kuɗin tafiyar da karɓar ya yi yawa, ƙungiyar ƙwadago ta COSATU ta shiga, mafi yawan masu motoci suka daina biya. Aka yi ta shari'a da barazana shekara goma, a Afrilun 2024 gwamnati ta kashe na'urorin, bashin ya koma kan baitulmali. Ku da tarihinku ya riga ya ɓaci a kan wannan batu tun 2003, da me za ku sayi yardar da su suka rasa, in ba da buɗe littafi ba?

Abin yana tafe gare mu. Ministan Ayyuka David Umahi ya riga ya ce manyan hanyoyin tarayya za su samu tolget idan an kammala su, har da ta Abuja zuwa Kano. Wannan ita ce hanyar da aka ba da kwangilarta a Disambar 2017, aka yi shekaru ana karkatar da motoci hannu ɗaya, aka soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna a ƙarshen 2024 aka sake bayarwa. Mutane nawa suka kwana a cunkosonta, nawa masu garkuwa suka kwashe a Rijana da Katari, nawa suka mutu a karon gaba da gaba? Mutanen da suka sha wannan ba za a tare su da sanda da na'ura a ce su biya, ba tare da an nuna musu takardar yarjejeniyar ba. Su san shekara nawa ne, nawa ne rabon kamfani, wa ke da ikon ƙara farashi kuma bisa wane ma'auni, cikin kwana nawa dole a cike rami, ina motar janwe, ina motar asibiti, kuma wace tara kamfani zai biya idan ya saɓa.

Ku kuma 'yan majalisarmu na tarayya, shirunku ya yi yawa. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai tun 2011, akwai hukumar ICRC da aka kafa don sa ido a kan irin wannan jingina, akwai kwamitocin ayyuka da kuke zaune a cikinsu kuna karɓar alawus. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motocin sufuri, NURTW da NARTO, ba ranar yanke kintinkiri ake buƙatar ku ba. Mambobinku ne za su biya kullum, kuma yanzu ne kuke da bakin magana, kafin a zuba harsashin ginin, domin bayan an sa hannu a kan shekara 25 duk abin da za ku yi ihu ne bayan hari.

Ranka ya daɗe Minista, ka ba da umarni tun daga wannan wata a wallafa lissafin hanyar Keffi zuwa Makurɗi: motocin da suka wuce, waɗanda suka biya, waɗanda aka yafe wa, abin da aka tara, abin da aka biya na bashi da abin da ya saura. A kafa shi a allo a bakin kowane tolget, a karanta shi a rediyo da Hausa da Tibi da Eggon da Turanci. A kwance igiyoyin da ke kan hanyar. Idan ba a yi wannan a can ba, kada a kafa sanda ko ɗaya tsakanin Zuba da Kano.